Tsakanin kamfani da hukuma: Halin da masu binciken kuɗin manyan kamfanoni suke ciki a Najeriya

A unguwar GRA da ke birnin Katsina, inda tsofaffin manyan ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa suka kafa gidajensu, ba abin mamaki ba ne a buɗe durowar maigida a tarar da takardun shaidar hannun jari na bankuna da kamfanoni, waɗanda aka saya tsakanin 2004 da 2007, lokacin da tallan hannun jari ya cika rediyo da jaridu. Mai irin wannan takarda yana da rabo a kamfanin da hedikwatarsa take Legas, tafiyar fiye da kilomita 1,000, amma bai taɓa leƙa rumbun ajiyar kayansa ba, bai ga littafin bashinsa ba, manajojinsa kuwa a hoto kawai ya san su. Abin da ke sada shi da dukiyarsa shi ne rahoton shekara-shekara, kuma a cikin wannan kundi mai shafuka barkatai, 'yan shafuka ƙalilan ne wani daga wajen kamfanin ya rubuta. Su ne rahoton mai binciken kuɗi mai zaman kansa, wanda aka fi sani da odita.

Maganar ta sake tasowa ne tun daga watan Maris na 2024, lokacin da Babban Bankin Najeriya, wato CBN, ya umarci bankuna su ƙara jarinsu: naira biliyan 500 ga masu lasisin ƙasa da ƙasa, biliyan 200 ga masu lasisin ƙasa, biliyan 50 ga na shiyya, tare da wa'adi zuwa ranar 31 ga Maris, 2026. Bankuna sun sake fitowa neman kuɗin jama'a, kuma kowace takardar talla tana jingine da alƙaluman da wani odita ya sa wa hannu. Ya dace ke nan a san me wannan sa hannu yake nufi, da kuma irin matsin da mai yin sa yake ciki.

Abin da odita yake yi, da abin da ba ya yi

Ba odita ne ke rubuta bayanan kuɗin kamfani ba. Wannan nauyin daraktoci ne da manajoji. Dokar Kamfanoni ta 2020, wato CAMA, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 7 ga Agusta, 2020, ta wajabta wa shugaban kamfani da babban jami'in kuɗinsa su tabbatar a rubuce cewa sun duba bayanan, kuma babu ƙarya mai nauyi a cikinsu. Aikin odita shi ne ya zo daga waje, ya gwada abin da aka gabatar masa, sannan ya faɗi ra'ayinsa kan ko bayanan sun nuna ainihin halin da kamfanin yake ciki.

Yana yin haka ne ta hanyar ɗaukar samfuri, domin babu ayarin da zai iya bin miliyoyin rasidai ɗaya bayan ɗaya. Yakan rubuta wa bankuna su tabbatar da kuɗin da aka ce suna ajiye, ya aika wa masu bashi su amsa abin da ake bin su, ya halarci ƙidayar kaya a sito, ya auna hujjar da manajoji suka dogara da ita wajen ƙiyasta bashin da ba zai biyu ba. A ƙarshe ra'ayinsa yakan faɗa ɗaya daga cikin huɗu: amincewa ba tare da sharaɗi ba, amincewa tare da togaciya a kan wani sashe, ƙin amincewa baki ɗaya, ko kuma janye hannu saboda ba a ba shi isassun hujjoji ba. Ko da ya amince, yana iya ƙara sakin layi na gargaɗi idan akwai babban shakku kan ko kamfanin zai iya ci gaba da harkokinsa.

A nan ne fahimtar jama'a da ta masu sana'ar suke rabuwa. Mai hannun jari yana ɗaukar sa hannun odita a matsayin shaidar cewa babu sata kuma kamfani lafiya lau yake. Odita kuwa yana cewa abin da ya bayar tabbaci ne gwargwadon hankali, ba lamuni ba. Tun a 1896, a shari'ar kamfanin auduga na Kingston Cotton Mill a Ingila, wani alƙali ya kwatanta odita da kare mai gadin gida, wanda ba karen farauta ba ne. Ƙa'idojin yau sun wuce wannan matsayi, domin sun wajabta wa odita ya shiga aiki da zuciyar tuhuma, ya tsara bincikensa yana sane da yiwuwar zamba. Duk da haka, idan manyan manajoji suka haɗa baki suka ƙirƙiri takardu, gano su yana da wuya.

Ladan kuturu

Babban cikas ɗin sana'ar yana cikin gininta. A doka, masu hannun jari ne ke naɗa odita a babban taron shekara-shekara. A aikace, daraktoci ne ke kawo sunan, a ɗaga hannu a wuce, kuma daga asusun kamfanin ake biyan ladan. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Odita yana karɓar lada daga wanda aka ce ya bincika, sannan ana bukatar ya faɗa masa abin da ba ya son ji, yana sane da cewa baɗi ana iya neman wani.

Lamarin ya fi tsanani saboda kasuwar ƙarama ce. Kamfanonin da ke cikin Kasuwar Hannayen Jari ta Najeriya ba su kai 200 ba, kuma mafi girma daga cikinsu suna hannun kamfanonin bincike huɗu na duniya: Deloitte da EY da KPMG da PwC. Waɗannan kamfanoni suna kuma sayar da shawarwari kan haraji da gudanarwa da na'urorin kwamfuta. Idan kuɗin shawara ya yi gogayya da kuɗin bincike, 'yancin mai bincike yana shiga haɗari, shi ya sa ƙa'idoji suka hana odita yin wasu ayyuka, kamar rubuta littattafan lissafi, ga kamfanin da yake bincika. Ƙananan ofisoshin akantoci na Kano da Kaduna da Katsina kuwa, samun irin wannan aiki yana yi musu wuya, saboda yawan ma'aikata da kayan aikin da ake bukata.

Darussan Cadbury da bankuna

Sana'ar tana da tarihi mai daraja a ƙasar nan. Marigayi Akintola Williams, wanda ya rasu a 2023 yana da shekara 104, ya kafa ofishinsa a Legas a 1952, kuma yana cikin waɗanda suka assasa Cibiyar Ƙwararrun Akantoci ta Najeriya, wato ICAN, a 1965. Sai dai kamfanin da ke ɗauke da sunansa ne ya shiga tsakiyar badaƙalar da ta fara girgiza amanar jama'a. A ƙarshen 2006 aka gano cewa an shafe shekaru ana kumbura alƙaluman kamfanin Cadbury Nigeria, mai yin Bournvita da TomTom, da abin da ya kai naira biliyan 13 ko fiye. Daga cikin dabarun akwai jibga wa dillalai kaya a rubuta an sayar, da ɗage kuɗaɗen da aka kashe zuwa shekarun gaba. A 2008 Hukumar Kula da Hada-hadar Hannayen Jari, wato SEC, ta haramta wa shugaban kamfanin da daraktan kuɗinsa riƙe muƙami a kamfanonin jama'a, ta kuma ci tarar kamfanin binciken Akintola Williams Deloitte naira miliyan 20.

Abin da ya biyo baya ya fi taɓa aljihun Arewa. Ma'aunin kasuwar hannayen jari, wanda ya haura 66,000 a watan Maris na 2008, ya dawo kusan 20,000 cikin shekara guda. A watan Yuni na 2009 marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya naɗa Sanusi Lamido Sanusi gwamnan CBN, kuma bayan bincike na musamman, ranar 14 ga Agusta aka sauke shugabannin bankuna biyar: Afribank da Finbank da Intercontinental da Oceanic da Union. An zuba musu naira biliyan 420, daga baya kuɗin ceton ya kai biliyan 620 da wasu bankunan suka shigo layi. Bankunan nan ba su daɗe da fitar da rahotanni masu ɗauke da sa hannun odita ba, alhali basussukan da aka bayar don sayen hannun jari da na 'yan cikin gida sun riga sun cinye jarinsu.

A watan Agusta na 2011 aka karɓe lasisin Afribank da Spring Bank da Bank PHB, aka mayar da kadarorinsu ga sababbin bankunan Mainstreet da Enterprise da Keystone. Masu ajiya ba su rasa kuɗinsu ba, amma masu hannun jari sun tashi a tutar babu. Bank PHB kuwa ya samo asali ne daga haɗewar Platinum da Habib Nigeria Bank, wanda marigayi Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa yana cikin jigogin kafa shi, don haka sunansa ba baƙo ba ne a Katsina.

Iyayen gida da yawa

Martanin gwamnati shi ne ƙara dokoki da masu sa ido. A 2011 aka kafa Majalisar Kula da Rahoton Kuɗi ta Najeriya, wato FRC, a madadin tsohuwar hukumar tsara ƙa'idojin akanta, aka ba ta ikon yi wa oditoci rajista da duba aikinsu da hukunta su. Daga Janairun 2012 aka wajabta wa kamfanonin da ke kasuwar hannayen jari bin ƙa'idojin rahoton kuɗi na duniya. Kundin Kyakkyawan Shugabancin Kamfanoni na 2018 ya ƙayyade cewa kamfanin bincike kada ya wuce shekara 10 a jere yana duba kamfani ɗaya, kada kuma a dawo da shi sai bayan shekara bakwai, sannan a sauya jami'in da ke jagorantar aikin duk bayan shekara biyar. Daga rahoton shekarar 2023, SEC ta bukaci manajojin kamfanonin jama'a su ba da rahoto kan ingancin tsarin sa ido na cikin gida, odita kuma ya tofa albarkacin bakinsa a kai.

A yau mai binciken banki yana amsa wa FRC da SEC da CBN da hukumar kasuwar hannayen jari da ƙungiyarsa ta ƙwararru, ICAN ko ANAN. Kasuwa tana so a miƙa mata rahoto cikin kwana 90 bayan rufe shekara, CBN kuma sai ya amince kafin banki ya fitar da nasa. Tun da yawancin kamfanoni suna rufe littattafansu ne ranar 31 ga Disamba, aikin shekara guda yakan taru a watanni uku, a kan ma'aikatan da suka ragu saboda ƙwararrun akantoci matasa suna ficewa zuwa Birtaniya da Kanada.

Wani lokaci iyayen gidan kan saɓa wa juna. A watan Oktoba na 2015, FRC ta ce akwai kurakurai masu nauyi a bayanan kuɗin Stanbic IBTC na 2013 da 2014, ta dakatar da rajistar wasu daraktocinsa da ta jami'in KPMG da ya sa hannu. CBN ya fito fili ya ƙi amincewa da matakin, yana cewa ba a bi ƙa'ida ba. Maganar ta kai kotu, kuma rahoton bankin na 2015 ya yi jinkiri na watanni masu yawa. Odita da ya tsinci kansa tsakanin hukumomi biyu masu fassara daban-daban, kowace ya bi yana iya saɓa wa ɗayar.

Wannan matsi ba a Najeriya kaɗai yake ba. Durƙushewar Enron a Amurka a 2001 ta tafi da kamfanin bincike na Arthur Andersen, ta kuma haifar da dokar Sarbanes-Oxley ta 2002, wadda ta kafa hukuma ta musamman mai binciken masu bincike. A Jamus, a watan Yuni na 2020, kamfanin Wirecard ya amsa cewa yuro biliyan 1.9 da ke cikin littattafansa mai yiwuwa babu su, bayan EY ya shafe shekaru yana amincewa da bayanansa. A 2023 Birtaniya ta ci tarar KPMG fam miliyan 21 kan binciken kamfanin gine-gine na Carillion, sannan a 2024 ƙasar Sin ta dakatar da PwC na wata shida tare da tarar yuwan miliyan 441 kan kamfanin gidaje na Evergrande. Kowace irin wannan badaƙala takan tsaurara ƙa'idojin duniya, su kuma su sauko kan ofisoshin Legas da Abuja.

Lokacin da naira ta ƙi tsayawa

Wahalar da ba ta fito daga doka ba ita ce ta ƙiyasi. Da aka saki farashin naira a watan Yuni na 2023, kamfanonin da ake bi bashin dala suka wayi gari bashinsu ya ninka a lissafin naira. MTN Nigeria ya bayyana asarar kusan naira biliyan 137 a 2023, Nestlé Nigeria ma ya faɗa asara, bankunan da ke riƙe da dala kuwa suka rubuta riba mai yawa wadda ba ta fito daga ciniki ba. A irin wannan yanayi, adadin da za a ware don bashin da ba zai biyu ba, ko darajar da za a ɗora wa injina da gine-gine, magana ce ta hasashe. Manaja yana son hasashe mai daɗi, odita yana neman hujja, kuma saɓani kaɗan tsakaninsu na iya mayar da riba asara. Hauhawar farashi, wadda ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disamban 2024, ta ƙara dagula kwatancen alƙaluman bana da na bara.

Ƙorafin da ya fito daga Katsina

Misalin da ya fi kusa da gida shi ne na kamfanin mai na Oando, wanda ya bayyana asarar fiye da naira biliyan 180 a shekarar 2014. A rahoton 2016, mai bincikensa EY ya ja hankali ga babban shakku kan ɗorewar kamfanin, saboda basussukan da ke gab da biya sun zarce kadarorin da ke hannu. Gargaɗin yana rubuce ga duk mai karatu. A 2017, fitaccen ɗan kasuwar Katsina Alhaji Ɗahiru Mangal, wanda yake cikin manyan masu hannun jarin kamfanin, da wani kamfani mai suna Ansbury, suka kai ƙorafi gaban SEC kan yadda ake tafiyar da shi. A watan Oktoba hukumar ta sa aka tsayar da motsin farashin hannun jarin Oando, ta kuma ba da umarnin binciken ƙwaƙwaf, wanda Deloitte ya gudanar.

A Janairun 2018 Mangal ya sasanta da shugabannin kamfanin bisa shiga tsakanin Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II, amma binciken bai tsaya ba. Ranar 31 ga Mayu, 2019, SEC ta ce an gano bayanan da ba daidai ba da rauni a tsarin sa ido, ta haramta wa shugaban kamfanin, Wale Tinubu, da mataimakinsa zama daraktocin kamfanin jama'a na shekara biyar. Oando ya musanta, kotu ta dakatar da hukuncin, kuma a watan Yuli na 2021 ɓangarorin biyu suka sasanta ba tare da kamfanin ya amsa laifi ko ya musanta ba.

Abubuwa biyu ne suka fito daga wannan dambarwa. Na farko, gargaɗin odita bai motsa komai ba sai da mai hannun jari mai ƙarfi ya ɗauki maganar zuwa hukuma. Na biyu, ana cikin ja-in-ja aka dakatar da babban taron kamfanin, rahotanninsa da aka bincika suka yi jinkiri na shekaru, ƙaramin mai hannun jari kuma ya zauna cikin duhu, ba riba, ba bayani.

Abin da doka ta bar wa mai hannun jari

Ba kowa ne ke da nauyin Mangal ba, amma doka ta buɗe wa ƙananan masu hannun jari wata ƙofa. Sashe na 404 na CAMA ya wajabta wa kowane kamfanin jama'a kafa kwamitin binciken kuɗi mai mutum biyar: uku daga masu hannun jari, biyu daga daraktocin da ba sa cikin gudanarwar yau da kullum. A tsohuwar dokar 1990 kujerun kunnen doki ne. Yanzu rinjaye yana hannun masu dukiya. Wannan kwamiti ne ke duba tsarin aikin odita, ya karanta wasiƙar da yake rubuta wa manajoji kan raunin da ya gani, ya kuma ba da shawara kan naɗa shi ko sauke shi da ladan da za a biya shi. Duk mai hannun jari yana da damar gabatar da sunan wani ɗan'uwansa mai hannun jari, ta hanyar rubuta wa sakataren kamfani aƙalla kwana 21 kafin babban taro, matuƙar wanda aka gabatar ya iya karanta bayanan kuɗi. Haka kuma, tun da aka yi wa dokar gyara a 2023, kamfanonin jama'a suna iya yin babban taronsu ta intanet, don haka nisan Legas ya rage zama uzuri.

Ga wanda rahoton shekara ya shigo hannunsa, wurare huɗu sun cancanci a fara da su kafin hotunan daraktoci da jawabin shugaba. Na farko, sakin layin ra'ayin odita, a ga ko akwai togaciya. Na biyu, ko akwai gargaɗi kan ɗorewar kamfanin. Na uku, sashen muhimman batutuwan bincike, wanda aka fara wajabtawa daga rahotannin ƙarshen 2016, inda odita yake bayyana wuraren da suka fi ba shi wahala. Na huɗu, bayanan da ke nuna mu'amalar kamfani da daraktocinsa da makusantansu, da kuma nawa aka biya odita. Idan kamfani ya sauya odita kafin wa'adinsa, ko rahotonsa ya wuce lokacin fita ba tare da gamsasshen dalili ba, mai hannun jari yana da haƙƙin ya tambaya a babban taro, inda doka ta ba odita damar halarta da yin magana kan duk abin da ya shafi aikinsa.